Yaya ake samun sautin jita mai cizo irin na kiɗan punk?

Sagir_Jita: Assalamu alaikum. Ina da jita ta lantarki da ƙaramar amfilifaya da fedal ɗin Boss DS-1 (ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don ta kausasa sautin jita), kuma burina shi ne in samu kiɗan rakiya mai cizo irin wanda aka san ƙungiyar Ramones da shi, wato punk, kiɗan rock mai sauri da kaushi. Sai dai duk lokacin da na ƙure maɓallin gain (mai ƙara kaushin sauti), sautin yakan cakuɗe kamar kukan ƙudan zuma, kuma da zarar mai ganga ya shigo sai jitar ta ɓace. Shin amfilifayar ce ta yi ƙanƙanta, ko saitin ne?

Mai_Haɗa_Sauti: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Saitin ne. Yawan gain yana matse sauti har bugu mai ƙarfi da mai sanyi su zama ɗaya, alhali cizon da kake nema yana cikin farkon bugun tsirkiya ne. Ka mayar da gain ɗin wajen rabi, ka koma kan fikof (na'urar da ke ɗauko sautin tsirkiya) na kusa da gadar jita, sannan ka ɗaga maɓallin mid (na sautin tsakiya) a amfilifaya, domin jitar bes da babbar ganga sun riga sun mamaye ƙasa, faifan tagulla kuma sun mamaye sama, tsakiya kaɗai aka bar wa jita. Maɓallin tone na DS-1 kuwa, kada ya wuce rabi, don daga nan yake fara tsinin da ke damun kunne.

Kawu_Bala: Na yarda da shawarar Mai_Haɗa_Sauti, amma a ganina hannun dama ya fi kowane maɓalli muhimmanci. Tun da aka kafa Ramones a New York a 1974, mai jitarsu Johnny Ramone, da jitarsa Mosrite da amfilifayar Marshall, ƙasa kawai yake kai bugu, ba ya dawowa da shi sama, kuma wannan ne ya sa kowane bugu ke fita da nauyi iri ɗaya komai saurin waƙar. Abu ne mai gajiyar da hannu ƙwarai. Ka nemi fik (ɗan robar kaɗa tsirkiya) mai kauri, ka saki wuyan hannunka, ka fara a hankali da na'urar ƙidayar bugu, kana ƙara sauri sai bugun ya daidaita.

Hadiza_Bes: Akwai abin da ya kamata a faɗa wa Malam Sagir game da faifai. Kaurin sautin Steve Jones, mai jitar ƙungiyar punk ta Sex Pistols, a 1977 ya samu ne daga jitar Gibson Les Paul da amfilifayar Fender Twin Reverb, amma kuma an ɗora jita a kan jita sau da yawa a situdiyo ƙarƙashin furodusa Chris Thomas. Idan kana ɗaukar sauti, ka kaɗa sashen sau biyu, ka ajiye ɗaya a hagu ɗaya a dama, kuma ka duba daidaiton tsirkiyoyi kafin kowace ɗauka, saboda bugu mai ƙarfi yana saurin kwance su.

Sagir_Jita: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu, wane kaurin tsirkiya ne ya fi jure irin wannan bugun?