Dan Allah me za mu kira energy balls da Hausa?

Salam 'yan uwa, tambaya gareni kuma da gaske nake. Abun nan da ake ta yi a bidiyoyin girki na Instagram da TikTok wanda turawa ke cewa energy balls ko protein balls, me za mu kira shi da Hausa? Ga wanda bai san shi ba, dabino ne ake cire ƙwallon a haɗa da gyaɗa ko kashu, wasu su ƙara ots (wani hatsin turawa) da zuma da garin koko, a markaɗa har ya kama jikinsa sai a mulmula ƙanana a sa a firij, ba oven ba suya. Masu zuwa jim, wato wajen motsa jiki, da ma'aikatan da ba sa samun zaman cin abinci su suka fi cinsa, a Amurka ma akwai wani samfuri mai suna Larabar da tun 2003 ake sayar da shi a dogon yanka maimakon mulmule, shi ma tushensa dabino ne da dangin gyaɗa aka danne. Ina rubuta wa matan guruf ɗinmu na unguwa yadda ake yi ne kuma da yawansu iyaye ne, in na ce musu enaji bol sai su ɗauka wani abun 'yan gayu ne da ba nasu ba alhali duk kayan suna kicin ɗinsu. Ku taimaka da suna.

Wani ɗan uwa:
Ai da sauƙi anti, ƙwallon ƙarfi kawai ko ƙwallon kuzari.

Mai tambaya:
Na gode malam, amma gwada karanta wannan ka ji: ki cire ƙwallon dabinon ki daka sannan ki yi ƙwallo. Ka ga a kicin ƙwallo shi ne abun da ake zubarwa, na mangwaro na dabino na goruba, a waje kuma tamaula ce. Shi kuma ƙarfi kowa ya san inda hankalin mutane zai tafi in aka haɗa dabino da aya da kalmar ƙarfi a waje ɗaya, masu maganin ƙarfin maza da kayan mata sun riga sun kama wannan filin, ni kuma abun da nake so uwa ta sa wa yaro a jakar makaranta ba tare da ta ji nauyin faɗin sunansa ba.

Wata 'yar uwa:
To dunƙulen kuzari fa? Ko curin kuzari

Mai tambaya:
Dunƙule kam magi ya cinye shi 'yar uwa, duk mai karanta girki da Hausa in ta ga dunƙule biyu ta san na miya ake nufi. Curi dai ya kwanta min sosai, curin fura curin daddawa, bari mu ajiye shi a gefe kar ya ɓata.

Wata Hajiya daga Katsina:
'Ya'yan nan kuna ta wahalar da kanku, abun da kika kwatanta ai dakuwa ce. Mu da muka tashi ana soya aya a yashi a daka a tankaɗe, a soya gyaɗa a murje ɓawon, a haɗa a turmi da suga ko zuma da ɗan gishiri da citta da barkono a yi ta kirɓawa har man gyaɗan ya fito ya riƙe garin, sannan a cura da hannu. Wasu da garin soyayyar masara suke yi maimakon aya. Ba a ɗora ta a wuta bayan an daka, ba a gasa ta, matafiyi ya ƙulla a leda ko a ganye ya kama hanya ta riƙe masa ciki har yamma. To meye bambancinta da naku in ba dabinon da kuka sa a madadin suga ba?

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Hajiya, wallahi maganarku ta zauna. Ina ta kallon kalmar turancin ina neman kishiyarta ɗaya bayan ɗaya, ku kuma kun kalli turmin.

Wata mai sayarwa:
Ni dai da girmamawa ban yarda ba Hajiya ku yi haƙuri. Ina yin abun nan ina sayarwa a roba mai murfi, dabino mai laushi nake sa wa da kashu da madara kuma kun san kuɗin waɗannan yanzu, ranar da na rubuta dakuwa a jikin robar ba wanda zai biya ni kuɗin da na kashe, za a ce dakuwar da ake sayarwa a tasha a faranti ce za ki tsuga mana kuɗi haka? Na biyu duk wanda ya ji dakuwa yana jiran ya ji yaji ya ɗan cije shi a harshe da garin nan mai ɗan ƙasa-ƙasa a baki, tawa kuwa danƙo gareta da zaƙi ba yaji, zai ce an yaudare shi.

Mai tambaya:
Maganarki ta biyu gaskiya ce yaya kuma dole sunan ya warware ta, shi ya sa nake ganin ba dakuwa zalla za mu ce ba, sai mun jingina ta da abun da aka yi ta da shi yadda dama ake cewa dakuwar aya da dakuwar gyaɗa. Dakuwar dabino. Mai saye ya ji dabino ya san zaƙi da danƙo zai tarar. Ta farkon ce ke damuna, don in kullum sai mun sa wa abu sunan turanci kafin ya yi daraja to mu da kanmu muke koya wa mutane cewa namu na faranti ne nasu na roba mai murfi. Kilishi bai canza suna ba kuma ga shi a manyan kantuna a Abuja da Legas cikin leda mai tambari ana biyan kuɗinsa ba gardama, zoɓo ma haka, fura da nono ma yanzu a gora ake sayar da ita a firij da sunanta. Tsafta da kyan kaya da yadda kika shirya robarki su za su sa a biya ki.

Wani daga zangon Kumasi:
Mu a nan Gana kowa ya san ta, a zango dakuwa muke cewa, a kasuwa za ka ji adaakwa, 'yan ƙabilar Ewe kuma suna cewa dzowe. Yarbawa ma donkwa suke kira. To sunan da ya yi wannan tafiyar da ƙafarsa ban ga dalilin ajiye shi a ɗauko wani ba.

Wata daga Maraɗi:
Ina goyon baya. Amma ku yi hankali da irin dabinon, namu da ke zuwa daga wajen Agadas busasshe ne ƙamas, in kika zuba shi haka a bilenda sai ya ci miki wuƙar. A cire ƙwallon a jiƙa shi a ruwan ɗumi ya yi laushi a tsane shi sosai kafin a daka. Mai laushin nan da ake kawowa daga Saudiyya lokacin azumi shi ba ya buƙatar jiƙo.

Wani malamin Hausa:
Bari in ɗan sa baki. Dakuwa daga daka ta fito, kamar yadda dahuwa ta fito daga dafa, wato sunan yana faɗin aikin da aka yi wa abun ne, bai ƙayyade me aka zuba a turmin ba, saboda haka faɗaɗa shi zuwa dabino ba a yi wa harshe dole ba. Hausa ta saba da wannan, jirgi na ruwa ne tun asali da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya zo aka ce jirgin sama, ba wanda ya ruɗe. Kar kuma wani ya ce ai yanzu da inji ake markaɗawa ba turmi ba, fura ma da inji wasu ke damawa kuma tana nan fura. Abu ɗaya zan roƙa, a rubuta ta da k mara lanƙwasa, don in wayarki ta sa miki ƙ kin koma daƙuwa ta zagi da yatsu biyar. Shi kuma no bake ɗin da turawa ke cewa, wato ba a gasawa, ku bar shi kawai kar ku fassara, in kika rubuta ba gashi a takarda wani gashin kai zai karanta, kuma dama ba a taɓa gasa dakuwa ba, sunan ya riga ya ɗauke wannan.

Mai tambaya:
Allah ya saka malam, wannan na gashin ya rage min aiki. Saura furotin ɗin, ya za mu bambanta energy ball da protein ball?

Wata ma'aikaciyar abinci mai gina jiki:
Nan ne nake so mu tsaya da kyau anti don suna alƙawari ne ga mai ci. Mun riga muna da gina jiki a bakin kowa, a asibiti da rediyo abinci mai gina jiki ake cewa, to dakuwar gina jiki ta yi daidai, amma ba kowace za a kira haka ba. A giram 100 dabino furotin ɗinsa wajen giram 2 ne kacal, sauran yawanci suga ne, zuma kusan babu, aya ma kaɗan ce duk da sunan da ta yi. Masu shi su ne gyaɗa wajen 25, madarar gari mai maiƙo ita ma wajen 25, riɗi wajen 18, ots wajen 13, waken suya kuma ya haura 35. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗar da aka yi shi da ita don an matse man an bar tunkuza, in kika daka shi ya yi gari kika zuba kin samu abu mai kama da garin furotin da wasu ke saye a gwangwani da tsada. Don haka wadda aka cika da dabino da kwakwa da zuma dakuwar dabino ce, tana ba da kuzari nan take shi kenan, sai wadda gyaɗa da madara ko waken suya suka kai rabi ko fiye za a ce mata ta gina jiki.

Sannan dan Allah a gane, cewa ba a gasawa ba yana nufin komai ɗanye ake zubawa ba. Waken suya dole a soya shi ya soyu sosai kafin a niƙa, ɗanyensa yana da abun da ke hana jiki narkar da furotin ɗin kuma yana ɓata ciki. Gyaɗa a zauna a tsince ta, duk wadda ta yi baƙi ko ta motse ko ta yi fumfuna a zubar, akwai gubar aflatoksin da ke taɓa hanta kuma suya ba ta kashe ta. Yaron da bai shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa tukuna don dabinon ba wasa ba ne, wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini kuma ya bar ta gaba ɗaya.

Mai sayarwa:
To na ji, zan gwada dakuwar dabino a manyan baƙaƙe in sa na turancin ƙarami a ƙasa saboda kwastomomina da ba sa jin Hausa. In kasuwa ta ƙi zan dawo in faɗa muku.

Mai tambaya:
Hakan ma ya yi yaya, Allah ya kawo kasuwa. To ga yadda zan rubuta wa matan guruf, energy balls dakuwar dabino, protein balls dakuwar gina jiki, guda ɗaya kuma curi, a ce ba ni curi biyu. Ga ma'aunin da zan tura musu ku duba min, gyaɗa soyayya murzajjiya giram 200, dabino da aka cire wa ƙwallo giram 200, soyayyen riɗi 50, madarar gari 50, ɗan gishiri da garin citta, mai son yaji ta sa. Gyaɗar ake fara dakawa ita kaɗai har ta fara sheƙi tana manne wa taɓarya, nan ne man ya fito, sai a zuba dabinon a ci gaba da kirɓawa har ba a ganin ɓawonsa, madara da riɗi su ne ƙarshe. Ki ɗebo kaɗan ki matse a tafin hannu, in ya tsaya da shatin yatsunki ya yi, in ya wargaje ki ƙara dabino biyu uku ko cokalin zuma, kar ki sa ruwa. A cura kamar girman goro.

Ma'aikaciyar abinci:
Ya yi anti. Wannan haɗin rabin kilo ne, in kika fitar da curi 20 kowanne zai ba da furotin kusan giram 4 da kalori sama da 100, ƙwai ɗaya kuma wajen giram 6 ne, kin ga curi biyu sun ɗara ƙwai ɗaya. Gyaɗa da madara sun kai rabin haɗin don haka ta ci sunan ta gina jiki.

Wata 'yar uwa:
Kwana nawa take yi ba ta lalace ba? Mu nan wuta sai a hankali

Hajiya daga Katsina:
Ta gargajiya da ba ruwa a cikinta tana daɗewa 'yata, amma wannan da aka jiƙa dabino aka sa madara kar ki yi da yawa in ba firij, ki yi ta kwana biyu uku ki rufe a mazubi busasshe a inuwa. In kina so ta jima ki nemi dabino mai laushi da ba sai an jiƙa ba, kuma ki tabbata turmin da hannunki a bushe suke kafin ki fara.