Sabuwa a kwali ko ta hannu? Gardamar sayen na'urar gem

Anti Bilki: Salamu alaikum jama'a. Na yi wa Faruk alƙawarin PlayStation idan ya ci jarrabawa, ga shi ya ci, ya hana ni sakat. Kuɗin da ke hannuna zai sayi PS4 ta hannu har a samu canji, PS5 sabuwa kuwa sai na ƙara tari. Tsorona in saya yau, bayan wata biyu a ce ta mutu. Ku da kuka san kan abin, me za ku ce?

Nura: Wa alaikumus salam Anti. Magana ɗaya ce: kada ki kusanci ta hannu. Duk na'urar gem da aka taɓa amfani da ita, mai ita ya ga wani abu ne ya rabu da ita. Ki daure ki ƙara tari ki ɗauko sabuwa a kwalinta, ki huta. Araha ba ta ado.

Abba mai shagon gem: Nura, ka taɓa riƙe shago? Na'ura biyar ke aiki a wurina daga hantsi har dare, dukkansu na hannu ne. Ɗaya ta shekara huɗu, ban taɓa canza mata komai ba sai fanka.

Nura: Sa'a ka taka. Ba a gina shawara a kan sa'ar mutum ɗaya.

Malam Sani mai gyara: To bari in sa baki, tunda a teburina gawarwakin suke ƙarewa. Nura, wannan magana taka ta cewa sabuwa ita ce tabbas, tarihi ya riga ya ƙaryata ta. Xbox 360 ta fito a ƙarshen 2005, mutane suka yi layi suka saye ta fil a kwali. Ba a jima ba fitilu uku da ke kewaye da maɓallin kunnawa suka fara yin ja, na'ura ta ƙi tashi. Abin ya yi yawa har a watan Yulin 2007 Microsoft ta ƙara wa'adin garanti zuwa shekara 3 kan wannan matsala, ta kuma ware sama da dala biliyan 1 don gyara. Waɗannan ba 'yan Beljiyam ba ne, sababbi ne dal.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto tana ɗaukar zafi idan ana wasa, ta huce idan an kashe. Yau ta buɗe, gobe ta tsuke, har ƙananan ɗigon dalmar da ke haɗa ta su tsage. Sai da suka sake fasalin fanel ɗin, wato allon da ke ɗauke da kayan cikin na'urar, musamman wanda ya fito a 2008, sannan abin ya lafa. Wanda ya yi haƙuri ya sayi ta baya ya fi wanda ya yi rububin ta farko kwanciyar hankali. PS3 ta farko, mai ƙiba ɗin nan ta 2006, ita ma ta sha fama da fitila mai ruwan ɗorawa da ke nuna ta ƙi tashi, siririyar da ta fito a 2009 ta fi ta juriya.

Nura: Malam, ai ka ƙarfafa maganata ne. Waɗanda suka sayi sabuwa an gyara musu kyauta. Mai ta hannu wa zai kai wa kuka?

Malam Sani mai gyara: An gyara wa wa? Mutumin da ke Amurka ko Ingila, wanda zai sa ta a kwali ya aika. Kai da ka saya a Sabon Gari, wadda ɗan kasuwa ya ɗauko daga Dubai, garantin da ke cikin kwalin na yankin da aka nufa da ita ne. Garantinka na gaskiya shi ne bakin mai shagon, da kwanakin da ya yarda ya rubuta maka a rasit.

Khalifa: Ni dai abin da na sani, idan PS5 za a saya, kada a tsayar da ita. An ce akwai wani ruwan ƙarfe a ciki, idan tana tsaye sai ya zubo ya ƙone fanel.

Abba mai shagon gem: Kai kuma daga ina ka faɗo? Ana maganar wadda za a saya, kana maganar yadda za a ajiye.

Malam Sani mai gyara: Bar shi, tambayarsa na kan hanya. Gaskiya ne Sony ta sa ruwan ƙarfe tsakanin ƙwaƙwalwar PS5 da abin da ke janye zafi, maimakon man nan mai toka-toka da ke cikin PS4. An kewaye shi da wani soso da ke tare shi. Surutun tsayuwar ya bazu ne a farkon 2023, amma Sony da kanta tana tallar na'urar a tsaye, ta kuma ce a tsaye ko a kwance duk ya halatta. Inda nake ganin ɓarna shi ne wadda ta faɗi, ko wadda wani mai karambani ya buɗe ya kasa mayar da ita daidai. Wannan kam dalili ne na yin taka-tsantsan da PS5 ta hannu. A nan na ba Nura gaskiya.

Nura: Alhamdu lillahi, yau Malam ya sallama.

Malam Sani mai gyara: Ban sallama ba, rabin hanya na raka ka.

Baban Amira: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ni ba sabunta ko tsufa ne ya kashe tawa ba, wuta ce. Ƙanina ya aiko mini da Xbox 360 daga Amurka, da zumuɗi na jona ta a bango. Wani ƙara na ji, tas, sai warin ƙuna ya cika ɗaki. Ashe tubalin wutarta, wato akwatin da ke kan wayar da ke ba ta wuta, na bolt 110 ne, mu kuma namu 220 zuwa 240. Ko tambarin farko ban gani a talabijin ba.

Anti Bilki: Innalillahi. To PS4 ma haka take? Wanda zai sayar mini ya ce daga waje aka kawo ta.

Malam Sani mai gyara: Anti, ki juya bayanta ko ƙasanta ki karanta rubutun da ke kan takardar. Galibin PS4 da PS5 na ɗaukar 100 zuwa 240, amma idonki ya gani kafin a jona. Xbox 360 da Xbox One ta farko, masu tubalin wuta a waje, su ne ke bin wutar ƙasar da aka sayar da su. Sai dai ko wadda ke ɗaukar tamu ba ta jure abin da wutarmu ke yi. Lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, da lokacin da ake sauyawa daga NEPA zuwa inji, nan ne akwatin wutar ciki ke tafiya. Sannan ɗaukewar wuta tana tsakiyar adana wasa na lalata bayanan da ke kan faifan ajiya.

Abba mai shagon gem: Wannan kam na sha. Ni yanzu ba na jona ko ɗaya kai tsaye. Sitabilaiza, sannan UPS ƙarami wanda zai riƙe ta minti biyar a kashe ta da kyau. Yaron shagona ya san doka: ana ɗauke wuta, a zare waya daga bango, kada a mayar sai inji ya daidaita murya. Anti, ki cire kuɗin waɗannan daga cikin kasafin tun yanzu. Da ki sayi PS5 ki jona ta tsirara, gara PS4 da kariyarta.

Nura: Duk na ji. Amma ku faɗa wa Anti gaskiya kan abin da wasu masu sayarwa ke yi. Na taɓa sayen PS3 a wani shago, aka gwada mini minti biyar, lafiya lau. Kwana tara ta yi. Da na kai gyara aka nuna mini fanel ɗin ya yi duhu a wuri guda, ashe bulowa aka sa aka gasa ta ta farfaɗo na ɗan lokaci, aka goge jikinta aka baje ta a shago. Na koma, mutumin ya ce shi bai san zancen ba. Tun ranar na yi rantsuwa.

Malam Sani mai gyara: Wannan yana faruwa, ba zan kare abokan sana'ata ba. Gashin nan ba gyara ba ne, jinkirta jana'iza ne. Amma ana gane shi. Anti, ki tafi da wanda ya san abin, ku zauna, kada ku yarda da gwajin tsaye. A duba ƴan takardun da ke liƙe a bayanta kan sukurori. Idan an ɓare su, an taɓa buɗe ta, sai a tambayi dalili. A sa wasa mai nauyi, ba a tsaya a shafin farko ba, a bar shi ya yi kamar awa guda. Ki kasa kunne: fankar da ke ihu kamar jirgi zai tashi tun minti goma na farko alama ce ta ƙura ko man da ya bushe. A taɓa wayar HDMI a hankali a ga ko hoto zai ɗauke, domin wannan ramin na yawan karyewa. A sa faifai a fitar sau uku. A haɗa ta da intanet a shiga asusu, saboda akwai waɗanda Sony ta toshe, ba za su ƙara shiga ba har abada. Sannan ki sunsuna ramukan iskar.

Khalifa: Sunsunawa kuma, Malam? Kifi ne?

Malam Sani mai gyara: Kyankyasai, ɗana. PS4 na da ɗumi da duhu, ga ƙofofi a buɗe. Suna shiga akwatin wuta su yi gida, wata rana ɗaya ya taka inda bai kamata ba, shi ya tafi, na'ura ta tafi. Makon jiya na buɗe wata, sai da na fita da ita waje na kakkaɓe. Warinsu ba ya ɓuya.

Anti Bilki: Kai, Allah ya kiyaye. To wace iri zan nema a cikin PS4 ɗin? Na ji suna da yawa.

Abba mai shagon gem: Ki nemi siririya, wadda ta fito a 2016, lambarta na farawa da CUH-2. Ba ta cin wuta kamar ta 2013, ba ta kuma zafi kamarta. Faifan ajiyarta idan ya gaji ana zare shi a sa wani, irin na laftof ne. Kuma kada a kulle ta a cikin durowar talabijin, kada a ɗora ta kan kafet. A bar mata kamar faɗin tafin hannu tsakaninta da bango. Idan hunturu ya shigo, a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta ta huce, ba tana aiki ba.

Nura: Har yanzu ina kan bakana. PS4 ta haura shekara goma da fitowa, sababbin wasanni sun fara tsallake ta. Yaro zai buga shekara ɗaya ya dawo yana kukan PS5, a sake sabon kashe kuɗi.

Baban Amira: Wannan kuma wata gardamar ce, ba ta lalacewa ba. Faruk ƙwallo zai buga, mun san shi.

Nura: To ko kwantirola fa? Ta hannu sandarta ta riga ta saki, ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba.

Malam Sani mai gyara: Sabuwar ma tana yi. Nintendo Switch ta fito a 2017, ƙorafin wannan matsala ya kai har kotu a Amurka, ta PS5 ma an yi kuka da ita. Abu ne da ke cinyewa da gugar yatsa. Ana canza sandar, ba tsada. Amma a kan kwantirola kam, Anti, ki sayi sabuwa ta asali idan da hali, jabu sun cika kasuwa.

Anti Bilki: Na gode muku duka. Ga abin da zan yi: siririyar PS4, da sitabilaiza da UPS. Malam Sani, idan ba damuwa ranar Asabar ka raka ni, in biya ka kuɗin lokacinka. Zan ce wa mai shagon ya rubuta mini sati biyu a rasit, idan ya ƙi mu wuce gaba.

Malam Sani mai gyara: Ba komai Anti, bayan azahar. Zan zo da faifaina da sukundireba.

Nura: Allah ya sa albarka. Amma ku ajiye wannan hirar, bayan wata shida zan tambaya.

Abba mai shagon gem: Ka tambaya. Kafin nan ka zo ka biya bashin wasa uku da ka buga a kan tsohuwar tawa.