Shawarwari kan tura yaro kwalejin fasaha

A zaman da iyaye da malamai suka yi kan makomar yaran da suka gama sakandare, hankali ya fi karkata ga kwalejojin fasaha, irin Hussaini Adamu ta Kazaure, Binyaminu Usman ta Haɗejia da kwalejin aikin gona ta Audu Bako a Dambatta.

Abin da aka fi nanatawa shi ne uba ya taka da ƙafarsa ya leƙa ɗakin koyon aiki. Injin da ƙura ta lulluɓe, ba wuta, ba ya koya wa kowa walda. A kuma tabbatar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta ƙasa ta amince da kwas ɗin kafin a biya ko sisi.

An bayyana tsarin: shekara 2 ta ƙaramar difloma (ND), shekara 1 a bakin aiki, sannan shekara 2 ta babbar difloma (HND). Wani dattijo ya ce shekarar tsakiyar nan ce ƙashin bayan abin, kada yaro ya ɓatar da ita yana zaman benci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Gara ya bi masu haɗa sola ko gyaran injin ban-ruwa. Ni ma nan na tsaya.

Batun fifita digiri a kan HND a aikin gwamnati kuwa, an tashi ba a daidaita ba.