Neman shawara: binciken siyasar asali tsakanin Musulmin Bihar

Ɗalibar Ilimi: Assalamu alaikum malamaina. Ina shirin binciken digiri na biyu kan yunƙurin Pasmanda, wato fafutukar Musulmin da ake ƙasƙantar da asalinsu, a jihar Bihar ta Indiya. Zan zauna a Patna, babban birnin jihar. Ta ina zan fara, kuma wace tambaya ce za ta sa a rufe mini ƙofa?

Malamin Zamantakewa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kina ce wa mutum "akwai fifikon asali a tsakaninku?" zai ce Musulunci bai san da wannan ba, hira ta mutu ke nan. Kalmarsu ita ce biradari ko zat. Ki bi ta hanyar aure: ɗauki gidaje 20 zuwa 30, ki zana wa ya auri wa tun daga kaka har jika. A nan katangar take fitowa. Sahun salla ɗaya ne, amma ba kowa ake ba wa 'ya ba.

Rabon da ake yi uku ne: Ashraf na sama, wato Sayyid, Shaikh, Mughal da Pathan, sai Ajlaf, masu sana'ar gado irin su masaƙa da mahauta, sai Arzal, kamar Halalkhor masu shara. Kada sunan mutum ya ruɗe ki. Masaƙan da ake kira Julaha su ne suka koma Ansari, mahauta kuma Qureshi. Kin ga sunayen Madina da Makka ne, an ɗauke su don a ɗaga kai. Rubuta sunan da mutum ke kiran kansa, da wanda maƙwabta ke kiransa idan ya ba da baya.

Mai Nazarin Doka: Malam ya yi daidai, sai dai rigimar ta takarda ce ma. Umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya keɓe gurbin aiki da na makaranta da aka ware wa masu mafi ƙasƙancin asali ga Hindu kaɗai. An shigar da Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990, Musulmi da Kirista suna waje. Talakan Musulmi na iya shiga cikin kashi 27 na ayyukan gwamnatin tarayya da hukumar Mandal ta ba da shawarar a ware wa sauran rukunan da ke baya na kowane addini, aka zartar a 1990. Kan wannan ne Ali Anwar ya kafa ƙungiyar Pasmanda a Patna a 1998. Pasmanda kalmar Farisanci ce, ma'anarta waɗanda aka bari a baya. Wajen alƙaluma, nemi rahoton kwamitin Sachar na 2006 da ƙidayar asali ta Bihar ta 2023, wadda ta sa Musulmi kashi 17.7. Kada ki jera ta da ƙidayar 1931 kai tsaye, sunayen rukunai sun sauya.

Hajiya Mai Bincike: 'Yata, bizar bincike za ki nema da wasiƙar wata jami'ar Indiya, ban da ta yawon buɗe ido. Idan ta wuce kwana 180, ki yi rajista a ofishin baƙi cikin kwana 14 da sauka. Urdu kaɗai ba zai ishe ki ba a ƙauye, ana Bhojpuri, Magahi da Maithili. Kuma ki san biradarin tafintanki: in Sayyid ne, masaƙi zai yi ta "haka ne, haka ne" ya haɗiye sauran. Kada ki fito da rikoda a zaman farko.

Ɗalibar Ilimi: Na gode Hajiya. Zan iya kwatanta shi da mahauta da wanzamai na ƙasar Hausa?

Hajiya Mai Bincike: Wajen aure sun yi kama. Amma a can gwamnati na ba da takardar shaidar asali da ke buɗe gurbin aiki da na makaranta, wanzami kuwa ba shi da irinta.