Muhawara: Shin ɓoye sirrin sana'a ne ke durƙusar da masu zane da talla a Zariya?

Mai zanen tambari, Samaru:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana abokan sana'a. Shawarata ita ce mu kafa shafi guda a intanet inda duk mai zane, mai ɗab'i ko mai talla a Zariya zai riƙa sanya labarin da ya shafi sana'armu, sauran kuma su ɗaga wanda ya fi amfani zuwa sama, wanda ba shi da amfani ya nutse da kansa. Dalilina kuwa shi ne, ɓoye-ɓoyen da muke yi wa juna ya fi tsadar takarda da rashin wutar lantarki cutar da mu. Kwastoma yana zagaya shago biyar daga Samaru zuwa PZ, ya san farashin kowa, alhali mu biyar ɗin babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya faɗa, don haka sai ya yi ta karya mu ɗaya bayan ɗaya.

Mai maɗaba'a, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗana, na yaba da niyyarka, amma ban yarda da hujjarka ba. Na fara wannan aiki tun lokacin da ake jera haruffan ƙarfe da hannu, kuma ban taɓa ganin wanda ya bayyana farashinsa a fili ya tsira da shi ba. Ranar da ka rubuta abin da kake karɓa a kan katin biki, a ranar wani yaro mai wayar hannu da manhajar zane ta Canva zai yi shelar cewa shi rabin haka yake karɓa, domin ba ya biyan kuɗin haya, ba ya sayen man janareta, ba shi da yara a shago da ke jiran sallama. Abin da kake kira ɓoye-ɓoye, mu a wurinmu sutura ce.

Mai tallan atamfa da turare, Tudun Wada:
Baba, a gafarce ni, amma yaron nan da kake tsoro ya riga ya shigo kasuwa, kuma shirunmu bai hana shi komai ba. Ni da nake ba masu zane aiki kullum, abin da ya fi damuna ma ba farashi ba ne. Na taɓa biyan kuɗin kafin alƙalami aka yi mini allon talla, da aka ɗaga shi a bakin titi sai na ga an rubuta «kasa» a inda ya kamata a rubuta «ƙasa», mai aikin kuma ya ce salon rubutun da ya zaɓa ba shi da haruffa masu ƙugiya. Da akwai wurin da wani zai sanar cewa ga salon da ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar Noto ko Charis SIL, da ban yi wannan asarar ba. Haka kuma nawa ne a cikinmu suka san cewa dokar 2022 ta maye gurbin APCON, hukumar kula da harkar talla a Nijeriya, da sabuwar hukuma mai suna ARCON, wadda ikonta na tantance talla kafin a fitar da ita ya shafi har tallan da ake yi a Instagram da Facebook?

Malamin zane, Samaru:
Ina ganin an haɗa abubuwa biyu a ƙwarya ɗaya. Akwai ilimin sana'a, akwai kuma sirrin ciniki. Game da na farko, tarihin garin nan yana bayan ƙanena mai shawara. A 1958 ɗaliban zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta sauya fuskar zane a Nijeriya, kuma jarinsu bai wuce zama tare da sukar aikin juna ba. Kafin su, a nan Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abin kunya ne a ce garin da ya koya wa Arewa karanta boko mai ƙugiya, yau allunansa ne ke zubar da ƙugiyar. Amma game da farashi, Alhaji mai maɗaba'a yana da gaskiya fiye da yadda matasa ke zato, domin farashin da aka rubuta ba tare da bayanin nauyin takarda da yawan launi da adadin gyare-gyaren da aka yi ba, ruɗu kawai zai jawo.

Mai zanen tambari, Samaru:
Malam, na karɓi wannan rarrabewar, sai dai ina roƙon kada a rufe zancen kuɗi ɗungurungum. A kakar zaɓen 2023 mutum ɗaya ya karɓi fastoci a hannuna bashi, daga baya na gano cewa ya yi wa wasu abokan aikina biyu irin wannan, kuma kowannenmu ya yi shiru don kada a ce an cuce shi. Shin gargaɗi a kan irin wannan mutum ilimin sana'a ne ko sirrin ciniki?

Mai maɗaba'a, Sabon Gari:
To, ka zo inda nake jiranka. Wa zai tabbatar da cewa mai ƙorafin gaskiya ya faɗa? Idan tsarinku shi ne abin da mutane suka fi ɗagawa ya hau sama, to, ku sani cewa mutane rigima suke ɗagawa, ba darasin haɗa launi ba. Wanda yake da abokai talatin zai iya ɓata sunan wanda ba shi da kowa kafin la'asar, kuma a garin da kowa ya san gidan kowa, irin wannan magana ba ta tsayawa a waya. Sai ta kai gaban mai unguwa, ko ma kotu.

Mai tallan atamfa da turare, Tudun Wada:
Wannan tsoron Baba ni ma ina da shi, musamman a matsayina na mace mai sayar da kaya da sunana. Amma maganinsa shi ne a hana ambaton sunan kowa a fili, a kai ƙorafi gaban dattawa uku na sana'a su bincika tukuna. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce zaurukan WhatsApp da muke da su sun wadatar, domin a can sanarwar aiki takan ɓace a tsakanin gaisuwar Juma'a da hotunan suna, kuma wanda ya shigo yau sai ya sake tambayar abin da aka amsa bara.

Malamin zane, Samaru:
Hajiya, saura tambayar da ba wanda ya taɓa: da wane harshe za a rubuta? Abokan sana'armu da yawa a Sabon Gari Yarabawa ne da Ibo, kuma wasu ɗalibaina sun fi sakin jiki da Turanci, alhali masu rubutun allo da fenti a cikin birni Hausa kaɗai za su karanta.

Mai maɗaba'a, Sabon Gari:
A rubuta da duka biyun, wanda ya iya ya fassara wa wanda bai iya ba, kamar yadda muke yi a shago. Zan ba ku abin da na sani a kan takarda da tawada da inda ake samun mai gyaran inji a Kaduna da Kano, kuma idan kuna neman dattijo cikin ukun nan, ban ƙi ba. Farashina kuwa ba zan rubuta shi ba, kuma ina so a gaya mini tun yanzu wanda zai riƙa biyan kuɗin shafin duk shekara, da wanda zai zauna yana share abin da bai dace ba a watan da aikin kalanda ya taso kowa yana kwana a shago.