Me ya sa C ta fi Python gudu haka?

Sabon_ɗalibi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya, na rubuta lup (umarnin da ke ta maimaita kansa) mai tara lambobi daga 1 zuwa miliyan 100 a yaren shirye-shiryen kwamfuta na Python, na sake rubuta irinsa a C, na C kafin in ɗaga kai ya gama, na Python kuwa sai da na zauna jira. Kwamfuta ɗaya ce fa, lissafin ma ɗaya, to daga ina bambancin yake?

Injiniya_Zariya:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi, ba ta jin C ba ta jin Python, yaren inji kawai ta sani. Kod ɗin C kwamfaila irin GCC ke juye shi gaba ɗaya zuwa yaren inji tun kafin ka kunna shi, har ta gyara maka shi ya ƙara sauri. Python kuwa CPython, manhajar da aka saba gudanar da Python da ita, ce ke tsaye tsakaninka da furosesa kamar tafinta, umarni ɗaya bayan ɗaya, kuma duk zagayen lup sai ta duba wannan abin lamba ne ko rubutu ne kafin ta haɗa, tunda ba ka faɗa mata ba tun farko, to ka lissafa wannan dubawar sau miliyan 100. Ga mimori kuma, int (cikakkiyar lamba) a C yawanci bait 4 ne, bait shi ne ma'aunin mimori, a Python ƙaramar lamba ma bait 28 take ci a injin 64-bit.

'Yar_Maradi:
Gaskiya ne Injiniya, amma ni ba na son a ce yaren ne ba shi da sauri, abin da ke gudanar da shi ne. JavaScript ma da jan ƙafa take sosai, da V8, manhajar da ke gudanar da ita, ta fito tare da Chrome a 2008 da dabarar JIT sai labari ya canza, wato tana lura da wurin da ake yawan maimaitawa ta mayar da shi yaren inji ana cikin aiki. Java ma haka. Gwada kod ɗin nan naka a PyPy, wata mai gudanar da Python da ke da JIT, ba tare da ka taɓa komai ba ka gani.

Injiniya_Zariya:
Haka ne 'yar uwa. Kuma kar ya jefar da Python saboda wannan, masu harkar data NumPy, kayan aikin lissafi na Python, suke amfani da ita, cikinta da C aka rubuta mafi yawa, aikin mai nauyi can yake gudana.

Sabon_ɗalibi:
Na gode ƙwarai yaya, Allah ya ƙara ilimi. Zan sauke PyPy in NEPA ta kawo wuta. To shi yaren Rust fa, a wane ɓangare yake?