Alaimen: mu tsayar masa da suna a Hausa

Jama'a, musamman makanikai da direbobin Katsina da Daura, ina so mu tsayar da magana ɗaya kan abin da muke kira alaimen. Kalmar ta riga ta zauna a bakinmu, ba faɗa nake da ita ba. Abin da ke damuna shi ne ta haɗiye ayyuka da yawa wuri guda, har mai mota ya biya kuɗi ya tafi bai san me aka taɓa masa ba.

Mu fara raba ta da balansin, don kullum tare suke fitowa a baki. Balansin aikin nauyi ne: a ɗora taya da rim a inji, a juya, a liƙa 'yar dalma a gefen da ya gaza. Idan ka hau hanyar Kano ka kai gudun kilomita 90 ko 100 sitiyari ya kama karkarwa, yawanci shi ne. Alaimen kuwa aikin kusurwa ne, wato yadda kowace taya ta tsaya a ƙasa da inda ta dosa.

Sunaye uku na ji ana kawowa. "Gyaran ƙafa" ya yi faɗi, don wanda ya canza bushin ko bol-joyin ko shokozoba shi ma gyaran ƙafa ya yi. "Daidaita tayoyi" ya yi kyau a takarda, amma mai faci da ya daidaita maka iska shi ma zai ce ya daidaita tayoyi. Ni "saitin ƙafa" na zaɓa. An ce mini ai saiti ma aro ce. Haka ne, amma aron da ya daɗe ya zama ɗan gida: muna saita agogo, muna saita rediyo, mafarauci na saita bindiga, kuma duk inda ta fito tana nufin a kai abu daidai kan ma'auninsa. Su kuma sifirin, shokozoba, tayarod da sauran abin da ke riƙe da taya, makanikai sun gama mana aiki tun tuni, kayan ƙafa suke cewa. A bar shi haka.

Inda aikin yake shi ne cikin saitin, don kusurwa uku ce, kuma ita ce ba mu da sunanta.

Ta farko Turawa na ce mata kamba. Tsaya a gaban mota ka dubi tayoyin gaba: saman taya ya karkata ciki wajen inji, ko ya karkata waje? Na ba da shawarar a ce "karkata", a raba ta karkata-ciki da karkata-waje. Wani dattijon bakanike a wajen Ƙofar Ƙaura da ya ji, sai ya ce da ni, "Yaro, ai wannan ta cikin gwame ce." Wallahi ya fi ni gaskiya. Mai gwame gwiwoyinsa ne ke haɗuwa, tafin ƙafa ya ware, haka tayoyin suke tsayawa. Na ce, "Baba, an karɓa." Gwame ba aibi ba ce a mota idan da gangan aka sa ta kuma da awo. Lokacin da mota ta shiga kwana da gudu, jikinta na kwantawa waje, tayar waje ta so hawa kan gefenta. 'Yar gwame ta digiri 1 zuwa 2 ita ke sa fuskar taya ta zauna sosai a kwalta a daidai wannan lokaci, shi ya sa masu tsere ke ƙara ta har ta wuce haka. Amma wanda aikinsa Katsina zuwa Daura ta Mashi, miƙaƙƙiyar hanya safe da yamma, idan ya kwaikwaye su cikin tayarsa ne zai cinye, wajen yana nan sabo.

Ta biyu Turawa na ce mata "to" (toe), kuma ita ce ta fi kashe taya. A nan daga sama ake kallo: gaban tayoyin biyu ya matso juna ko ya ware? Na ce a kira su tsuke-baki da buɗe-baki. Da milimita ake auna ta ko ɗan ɓangaren digiri, kuma a tayarod ake juya ta. Kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya sa taya tana gurzar kwalta a gicciye duk tsawon tafiya. Shafa tafin hannunka a fuskar tayar daga ciki zuwa waje, ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya gefen, kaifi-kaifi ta ɗayan, bakin ne ya ɓaci.

Duk wannan ya fi tsanani a motocin da inji ke jan ƙafa huɗu, irin su Subaru, Audi quattro da ta fito a 1980, da wasu RAV4, CR-V da Highlander da suka cika garin nan. Mu duk fowil muke ce musu, har da Hilux, alhali ba ɗaya ba ne. Hilux kai ke sa mata ja-huɗu idan ka shiga yashi ko taɓo, ka cire idan ka hau kwalta. Waɗancan kuwa motar ce ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya da kanta. Sai na ce Hilux "ja-huɗu na sawa", su kuma "ja-huɗu mai kansa". Irin wannan mota ba a yi mata saitin gaba kawai a sallame ta. Idan bakin tayoyin baya ya kauce, motar za ta riƙa tafiya a ɗan gicciye, sitiyari ya zauna a karkace ko da gaban lafiya lau yake. Sannan tayoyin huɗu dole girmansu da cinyewarsu su yi kusa da juna. Ɗabi'armu ta sayen taya ɗaya ta hannu a haɗa da tsofaffi uku tana sa wata ƙafa ta fi wata juyawa, abin da ke raba ƙarfi a tsakiya ya yi ta aiki babu hutu har ya yi zafi ya lalace, kuma kuɗinsa ya ninka na tayoyin.

Ta ukun, kasta, ita ce har yanzu ban gamsu da sunanta ba. Daga gefe ake ganinta: sandar da taya ke juyawa a kanta ta ɗan kwanta baya daga sama. Ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan ka gama kwana, ita ke riƙe mota a miƙe idan gudu ya yi gudu. A motoci da yawa ba ta da wurin juyawa, don haka in injin saiti ya nuna ta dama ta bambanta da ta hagu sosai, yawanci wani ƙarfe ne ya lanƙwashe a rami, canji yake so. Na kawo "kishingiɗa", wani direban Daura ya ce ta yi tsawo a bakin gareji, shi "jingina" ya fi so, wani kuma ya ce jingina za ta rikice da jinginar da mota don karɓar bashi. Iyayen gidanmu makanikai, ku da kuke ƙarƙashin mota kullum, me kuke ce mata idan kuna nuna wa yaranku?